Agadas da ƙasar Abzin: wuraren da ya kamata ɗan Nijar ya gani

Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu sun san hanyar Agadas kamar yunwar cikinsu. Su sauke kaya, su yi lodin albasa ko gishiri, su juya ba tare da sun ɗaga kai sun dubi hasumiya ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, in aka tura shi aiki can, sai ya ɗauka horo ne aka yi masa. Alhali kuwa shekara da shekaru Turawa sun yi ta kashe maƙudan kuɗi domin su zo su ga abin da muke wucewa ta gefensa. Ga kaɗan daga ciki.

Tsohon gari

Agadas na da nisan wajen kilomita 950 daga Yamai. Ta bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16, sa'ad da sarakunan Abzin suka mai da ita mazauninsu, ayarin fatake kuma ke yada zango cikinta tsakanin ƙasar Hausa da arewacin Afirka. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, mai unguwanni 11, cikin jerin kayan gadon duniya.

Abu na farko da baƙo zai hango shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, kuma babu wata hasumiyar ƙasa da ta kai ta tsawo a duniya. An gina masallacin wajen 1515, ana danganta aikin ga wani malami mai suna Zakariya, aka kuma sabunta ginin a 1844. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina in za a yi yaɓe. Dab da masallacin fadar Sarkin Abzin take. A nan kusa kuma akwai otel ɗin Ayir, gidan da ake dangantawa da Kawusan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917.

Cikin lungunan garin akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, da gidan Sidi Ka, wanda adon bangonsa ya sa aka ɗauki wani sashe na wani fim ɗin Turai da ya fito a 1990 a cikinsa. Kada a bar gari ba a leƙa wurin maƙeran azurfa da dukawa ba. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, don kuwa Hausa ce harshen kasuwa.

Duwatsun Abzin da Tenere

Arewa da gari duwatsu ne. Dutsen Bagazan, mai tsawon mita 2022, shi ne mafi tsawo a Nijar. A Timiya akwai ruwa mai gangarowa daga kan dutse, ga garake na lemo da rumman da dabino a tsakiyar ƙeƙasasshiyar ƙasa. A Tafadek akwai marmaron ruwan zafi da jama'a ke zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi. A Dabus, kusa da hanyar Arlit, mutanen da sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya haura mita 5. Wannan shaida ce cewa wurin ya taɓa zama daji mai ruwa da ciyawa.

Gabas kuma sai Tenere, hanyar ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri da dabino daga Fashi da Bilma. Itaciyar nan tilo da madugai ke kwatance da ita, mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta na gidan ajiyar kayan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Gandun Abzin da Tenere, mai faɗin eka ta zamani miliyan 7,7, ya shiga jerin UNESCO a 1991.

Mai son biki ya nufi Ingal cikin watan Satumba, lokacin da Abzinawa da Bororo ke kai dabbobi lasar gishiri, ko ya zo bikin Biyanu a Agadas cikin watan Muharram.

Abin da ke cikin haɗari

A shekarun 1980, sa'ad da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa garin, jagorori da direbobi da maƙera da masu otel duk suna cin abinci da baƙi. Tawayen da aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ya rage baƙin. Na 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a 2010, suka kusa tsai da sana'ar baki ɗaya. Ginin ƙasa kuwa kullum yana bukatar yaɓe, yaɓe na bukatar kuɗi. Rushewar tsohon masallacin Damagaram a daminar 2024 ta ishe mu gargaɗi.

Saboda haka bai kamata a zauna jiran baƙon ƙetare ba. Ɗan kasuwa ya ƙara kwana biyu a kan tafiyarsa, ma'aikaci ya kai iyalinsa lokacin hutu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu da zafi ya yi sauƙi. Mai niyyar fita bayan gari ya fara tuntuɓar hukuma kan sha'anin tsaro, ya kuma ɗauki jagora ɗan ƙasa. Kuɗin da ya bari wurin maƙeri da jagora su ne za su hana waɗannan sana'o'i mutuwa. Allah ya ba ƙasarmu dawwamammen zaman lafiya, amin.