Gyaran Sakatar Akwatin Babur: Ƙaramin Aiki Mai Tsare Babban Jari

A ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2022 gwamnatin jihar Legas ta haramta sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, amma dokar ba ta shafi baburan kai saƙo masu izini ba. Waɗannan babura su ne ke jigilar abinci da magunguna da takardun ofisoshi a cikin akwatunan da ake ɗaurawa a bayansu ko a gefensu, kuma amincin kayan duka ya dogara ne a kan ƙaramar sakatar da ke riƙe murfin.

Sakatar ta ƙunshi ƙugiya mai kama bakin akwatin, da sifirin mai mayar da ita mazauninta, da kuma ƙusoshin da suka manne ta a jikin roba ko faiba. Galibi ba ƙarfen ne ke fara lalacewa ba. Girgizar hanya mai gargada ita ce ke faɗaɗa hudojin ƙusoshin sannu a hankali, har sakatar ta goce, ƙugiyar ta daina kamawa. Kazalika, ruwan damina da iskar teku mai gishiri kan sa tsatsa ta cinye sifirin. Da zarar murfi ya buɗe babur na cikin gudu, asarar kayan mutane takan faɗa ne a kan matuƙin ko kamfanin da yake wa aiki.

Bisa ga al'ada, mai gyara yakan cire tsofaffin ƙusoshin, ya sanya faifan ƙarfe ta cikin akwatin domin nauyin ya bazu maimakon ya taru a huda ɗaya. Daga nan sai ya ɗaure da noti mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi, ya daidaita ƙugiyar, ya sauya sifirin, sa'an nan ya shafa giris. Idan kuwa tsagewa ta ratsa jikin akwatin, wajibi ne a fara toshe ta, in ba haka ba gyaran ba zai yi ƙarko ba.

Muhimmancin wannan aiki ya ƙaru tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar Naira a watan Yuni na 2023. Dalar Amurka, wadda a hukumance take kusan Naira 460 kafin lokacin, ta zarce Naira 1,500 a shekarar 2024, abin da ya ɗaga farashin kayayyakin babur da ake shigowa da su, har a manyan kasuwanni irin su Nkwo da ke Nnewi a jihar Anambra.

Saboda haka, ga mai jarin da bai wuce babur ɗaya ba, duba sakata a kai a kai ya fi sauƙi a kan sayen sabon akwati ko biyan diyyar kayan da suka zube a titi.