Yadda wayarka za ta taimaka wa tsohuwar mota ta ci gwajin hayaƙi

Yawancin motocin Kwatano da Beljiyam da ke yawo a titunanmu suna da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai kuma daga 2001 ga masu shan fetur. Ta nan kwamfutar motar ke faɗin abin da ke damunta, kuma a jihohin Amurka da dama ita ake jonawa a gwajin hayaƙi maimakon cusa bututu a salansa. A Legas ma gwajin hayaƙi yana cikin binciken kwamfuta da ake yi kafin ba da takardar lafiyar mota.

Abin da mai mota ke buƙata shi ne ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi mai WiFi ko Bluetooth LE, don ta gama-gari ba ta haɗuwa da wayarsu. Ana jona na'urar, a murɗa makulli, manhaja ta karanto lambobin matsala.

P0300 na nufin wuta na tsallake a injin, galibi filogi ko koyil. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, ko dai wata roba ta tsage tana shaƙo iska, ko sensar iska ta yi datti. P0455 sau da yawa murfin tanki ne kawai bai rufu ba.

Wadda ta fi cin kuɗi ita ce P0420. Tana cewa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, ta daina aiki sosai. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin platinum da palladium da rhodium, shi ya sa ake sace ta ko a cire a sayar, har wasu motocin ana sayen su babu ita. Amma kafin a kashe kuɗi a kan sabuwa, a buɗe shafin bayanan kai-tsaye bayan injin ya yi zafi. A motocin da ke da tsohon samfurin sensa, ta gaban matatar tana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ta bayan kuwa ya kamata ta kusa tsayawa wuri ɗaya. Idan ta bayan na kwaikwayon ta gaban, matatar ta gaji ko babu ita. Ɓulin salansa kusa da sensa ma yana jawo wannan lamba, kuma waldarsa ta fi araha nesa ba kusa ba.

Dabarar da ba ta ci ita ce goge lambobin da safen ranar gwaji. Fitilar check engine za ta mutu, amma gogewar tana share sakamakon gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta, haka ma cire kan batir. Na'urar mai bincike za ta ga ba a kammala su ba, a mayar da mota gida. A ƙa'idar hukumar muhalli ta Amurka, EPA, ana ɗaga ƙafa ga biyu a motocin 1996 zuwa 2000, ɗaya tak daga 2001. Don haka bayan gyara sai a yi ta tuƙi na 'yan kwanaki, cikin gari da babban titi, ana duba shafin readiness a manhajar har su koma kore.

Ranar gwajin a yi tafiyar kamar minti 20 tukuna, saboda matatar ba ta tace komai sai ta yi zafi. Idan kuwa fitilar na ƙiftawa maimakon tsayawa, a ajiye motar: ɗanyen mai ne ke shiga salansa, yana iya narkar da matatar.