Baazigar a Tsakar Gidan Haɗeja

Ko da yake fim ɗin Indiya ya daɗe a ƙasar Hausa, tun da Larabawan Labanan suka fara kawo shi gidajen silima na Kano a shekarun 1950, bai sami shiga gidan mutunci ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo, domin silima wuri ne da malamai suka ƙyamata, dattijo ke jin kunyar a gan shi a ƙofarsa, matan kulle kuwa ko hanyarsa ba su sani ba. Da masu kwafar kaset na Ƙofar Wambai suka buɗe ciniki, sai ya zamana motar da ta kai busasshen kifi da shinkafar Haɗeja Kano takan komo da kwalin finafinai, daga nan su bazu zuwa Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa, har ƙauyukan fadama waɗanda in kogi ya kawo a watan Agusta ba a isa gare su sai da kwalekwale.

Daga cikin waɗanda suka zo ta wannan hanya akwai Baazigar, wanda 'yan'uwan nan Abbas da Mustan suka shirya a 1993, shekara biyu bayan an yanke Jigawa daga Kano. Ƙissar ita ce, wani attajiri, Madan Chopra, ya ci amanar ubangidansa wanda ya wakilta shi a kan dukiyarsa, ya ƙwace kome, har baƙin ciki ya kashe mutumin, jaririyarsa ta mutu don rashin magani, matarsa ta sami taɓin hankali. Ɗan marigayin, Ajay, wato Shah Rukh Khan, da ya girma sai ya nemi Seema, 'yar Chopra, da sunan soyayya, ya yaudare ta ta rubuta takardar cewa ita ta kashe kanta, sa'an nan ya tunkuɗo ta daga saman bene. Tun kafin haka kuwa ya riga ya sake suna, ya sake launin ido, yana neman ƙanwarta Priya, wato Kajol, wadda zuciyarta ba ta taɓa yarda cewa yayarta ta kashe kanta ba.

Wanda ya taɓa zaman kallo a wancan zamani ya san yadda ake yi: bayan sallar isha'i a fito da talabijin tsakar gida a ɗora kan tebur, in babu wuta a jona batirin mota ko janareto, yara su cika gaba, matan gida da na maƙwabta su zauna a tabarma suna korar sauro da mayafi. Kaset ɗin haya ya sha kallo har layuka na yawo a fuskar jarumi, ga kuma wani saurayi mai da'awar jin Indiyanci yana tafinta, rabi abin da ya ji, rabi abin da ya ƙaga, ba kuwa mai ƙaryata shi.

Abin mamaki shi ne, tunda asirin irin wannan fim kan tonu a kallo na farko, me ke sa a sake hayarsa alhali kowa ya san mai kisan? A ganina, in an ɗebe waƙoƙin Anu Malik da wautar Johnny Lever, waɗanda su ne rabon yara, abin da ke riƙe manya shari'a ce wadda ba ta yankewa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa ƙisasi a kan wanda ya yi kisa yake, ba a kama 'ya da laifin ubanta, kuma kisan gilla bayan an ba da amana ya fi kowane muni, musamman a mazhabar Malikiyya da muke bi. Saboda haka hukuncin Ajay a bayyane yake. Amma masu shirin sun jinkirta nuna zaluncin da aka yi wa gidansu sai da zuciyar mai kallo ta gama tsanarsa, sa'an nan suka kawo uwar tana sambatu, har wadda ɗazu take cewa "Allah ya isa" ta koma share hawaye da bakin zane. A ɗakin silima babu damar musu, amma a gida ana iya tsayar da kaset, a mai da shi baya, kowa ya kawo hujjarsa, har uwargida da amarya su yi saɓani a kan abin da ba girki ba.

Ni dai a wurina Priya ce gwarzuwar ƙissar, domin ita kaɗai ta nemi bayyina maimakon fansa, ta bi sawu daga shaida zuwa shaida, tana sane ko ba ta sane ba cewa binciken zai ƙare a kan mutumin da take shirin aure. Yau kaset ya wuce, faifan sidi ma ya bi shi, ana tura fim a waya a rumfunan caji, masu fassara irin su Algaita sun sa 'yan Indiya magana da Hausar Kano, sun kuma raba saurayin nan mai tafinta da muƙaminsa.