Farfaɗowar Tattalin Arzikin Kano Bayan Yaƙin Basasar Nijeriya, Kamar Yadda Aka Gan Ta Daga Ƙofar Mata

Gabatarwa

Yaƙin basasar Nijeriya ya fara ranar 6 ga watan Yuli 1967, ya kuma ƙare ranar 15 ga watan Janairu 1970. Ba a ja dagar yaƙi a ƙasar Kano ba, amma duk da haka yaƙin ya taɓa kasuwarta da gonakinta da ma'aikatunta. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa mai karatu irin ɓarnar da aka yi, da matakan da hukuma ta ɗauka don gyara, da abin da ya ɗore, da kuma abin da ya sulluɓe mana. Na zaɓi in dubi al'amarin daga Ƙofar Mata, unguwar da aka haife ni, domin wuri ne da tsohon arzikin Kano da sabonsa suka haɗu. A nan marina take, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A nan babban asibitin birni yake. Ta wannan ƙofa kuma ake fita zuwa Fagge da Kantin Kwari da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari.

Kano ta taɓa ganin irin wannan

Kafin a yi basasar Nijeriya, Kano ta yi tata. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufawa suka fice zuwa Takai. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya ja ragamarsu ya shigo birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. An ƙone garuruwa, an bar gonaki, fatake sun kauce wa hanyoyi. Abin da ya mayar da Kasuwar Kurmi hayyacinta shi ne masu sana'a ba su gushe ba. Masaƙa da marina da majema suna nan, da hanya ta yi lafiya sai ayari ya dawo. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin da shi za mu auna abin da ya faru bayan 1970.

Ɓarnar da yaƙin ya yi wa Kano

Ɓarna ta farko ta mutane ce. Tarzomar watan Mayu da ta ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba 1966 ta ci rayukan mutanen Gabas da yawa a Kano da sauran garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira kuwa suka koma gida. Wannan abin baƙin ciki ne da bai kamata mai rubuta tarihi ya tsallake shi ba. Cikin waɗanda suka tafi akwai ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na lantarki, da akawuna da makanikai da masu kantuna. Sabon Gari ta wayi gari gidaje da rumfuna a rufe, ofisoshi kuma suka rasa ƙwararrun hannu.

Ta biyu ta hanya ce. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suna isa bakin teku ne ta layin dogo biyu, wato na Legas da na Fatakwal. Yaƙi ya rufe na Fatakwal, kaya duka suka koma kan layi ɗaya. Buhunan gyaɗa suka yi ta taruwa a Kano suna jiran tarago. Mutane suna sha'awar hotunan dalar gyaɗa, wadda kowace ɗaya takan ɗauki buhu wajen 15,000, amma a san cewa yawan dala a fili alama ce ta albarkar noma, kuma alama ce ta cewa jirgi ya gaza kwashewa.

Ta uku ta kuɗi ce. Rundunar soja ta tashi daga mutum kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000, cikinsu har da samarin Kano masu yawa da suka bar gona da sana'a. Cif Obafemi Awolowo, Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, ya tafiyar da yaƙin ba tare da cin bashin waje ba, ta hanyar tsuke bakin aljihu da taƙaita shigo da kaya. Aka kuma canza takardun kuɗi a watan Janairu 1968. Talaka ya ji wannan a jikinsa, domin kaya sun yi ƙaranci sun yi tsada.

Matakan Gwamnatin Tarayya

Da yaƙi ya ƙare, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma kafa manufa mai rassa uku: sasantawa, da sake gini, da tsugunar da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Aka fito da Shirin Raya Ƙasa na Biyu, na 1970 zuwa 1974. Yammacin Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta samu tallafin Amurka na kusan dala biliyan 13 a ƙarƙashin Shirin Marshall daga 1948. Nijeriya ba ta samu irin wannan ba, man fetur ne ya tsaya mata. A 1966 ana haƙo ganga kimanin 400,000 a rana, a 1970 aka haura miliyan 1, a 1974 aka haura miliyan 2. Ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, sa'an nan tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12.

Sauran matakan sun haɗa da dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, da fito da naira ranar 1 ga Janairu 1973, inda fam ɗaya ya zama naira 2, da kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 don matasa su san juna. Sai dai ba kowane mataki ne ya warkar da rauni ba. Fam 20 da aka ba masu ajiya a bankunan yankin Biyafara, komai yawan ajiyarsu da kuɗin can, har yau mutanen Gabas suna ambatonsa da ɗaci.

Zamanin Audu Baƙo

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, lokacin tana haɗe da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, ta kuma fara aiki sosai ranar 1 ga Afrilu 1968. Gwamnanta na farko shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Baƙo, wanda ya riƙe ta har zuwa Yuli 1975. Cikin kwamishinoninsa akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, da Alhaji Tanko Yakasai, da Alhaji Aminu Ɗantata, da Alhaji Inuwa Dutse da ya riƙe ma'aikatar gona.

A ganina, mafi girman aikin wannan zamani shi ne wanda ba a gina shi da siminti ba. An kula da gidajen da mutanen Gabas suka bari a Sabon Gari, da suka dawo aka mayar musu, a wurare da yawa har da kuɗin hayar da aka tara. A Fatakwal rigimar irin waɗannan gidaje ta ɗauki shekaru ana yi. Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah ya ji ƙansa, ya ba da tasa gudummawa wajen kwantar da hankalin masu dawowa. Ɗan kasuwa ba ya kai jarinsa inda bai amince da dukiyarsa ba, saboda haka mayar da gidajen nan shi ne ya sake buɗe kasuwar Sabon Gari cikin 'yan shekaru.

Sai aikin ruwa. An gina madatsar Bagauda, sa'an nan aka gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga gare ta aka ja ruwa zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, aka samu noman rani na alkama da shinkafa da tumatir. Aka gina sakatariyar da yanzu take ɗauke da sunansa, da gidan zu, da otal na Bagauda, da hanyoyi da makarantu. Masana'antu suka ƙaru a Bompai, aka buɗe sabon yanki a Sharaɗa. Asibitin birni da ke unguwarmu ya bunƙasa, aka sa masa sunan Janar Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976. Dokar 1972 kuma ta buɗe wa Kanawa ƙofar shiga cinikin da a da yake hannun Kwara, har Kantin Kwari ta zama babbar kasuwar tufafi ta 'yan ƙasa.

Abin da ya sulluɓe

Ana tsakiyar wannan gini sai fari ya afka wa Arewa da ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin gona. Dama can hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Da kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, aikin lebura a birni ya fi noma kawo kuɗi, samari suka bar ƙauye. Naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi araha, namu suka yi tsada a kasuwar duniya. Gwamnati kuma ta daina dogara da harajin gyaɗa, don haka ba ta ji zafin faɗuwarta ba. Ina yaro mukan bi ta wajen Ƙofar Mazugal mu ga dala jere, kafin in kama aikin gwamnati a farkon shekarun 1980 filin ya zama wayam. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya.

Marina ma ta sha irin wannan. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da take fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300. Sana'ar tana da rassa: manomin auduga, da mai kaɗi, da masaƙi, da manomin baba, da marini, da mabugi, da falke. Manyan masu sayen turkuɗi da baƙin rawani su ne Buzaye, fari kuwa ya kashe musu dabbobi, suka rasa abin saye. Atamfa da shadda na masaƙun zamani suka cika kasuwa, rinin bature mai sauri a tukunya ya shigo. Tun ina saurayi na ga ana barin karofi ɗaya bayan ɗaya, ƙasa da shara suna cike su, 'ya'yan marina suna neman aikin albashi. Daga baya su kansu masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka durƙushe saboda ƙarancin lantarki da faɗuwar naira bayan 1986 da kwararowar yadi daga Sin.

A nan ne bambancin farfaɗowar nan biyu yake. Ta bayan 1895 ta tsaya a kan abin da hannun Bakano yake yi. Ta bayan 1970 ta fi ta sauri da girma, amma mafi yawanta ta tsaya a kan kason da ake aiko wa jiha daga Legas, shi ya sa da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 ayyuka da yawa suka tsaya cik. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda suka ba talaka abin yi, kamar ruwan Tiga, wanda har yau ake noma da shi, da kasuwannin Kwari da Sabon Gari.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da amfani a yau, domin yankin Arewa maso Gabas yana ƙoƙarin tashi daga ɓarnar rikicin Boko Haram, har an kafa masa hukumar raya yanki da dokar 2017, ƙauyuka da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma 'yan bindiga sun tashe su. A shekarun da na yi ina aiki na ga yadda muke saurin auna ci gaba da yawan gine-ginen da aka buɗe. Abin da Kano ta gani ya nuna cewa a fara da mayar wa mutum gidansa da gonarsa, a tsare masa hanyar kasuwa, a biya shi farashin da zai sa ya sake shuka, sa'an nan gini ya biyo baya.

Shawarata ga hukuma da malaman jami'o'inmu ita ce a gaggauta ɗaukar bayanan dattawan da suka ga wannan zamani, 'yan kasuwar Sabon Gari da suka tafi suka dawo, da tsofaffin sojoji, da dillalan gyaɗa, da marinan Ƙofar Mata da na Kura, tun suna raye. A kuma adana takardun ma'aikatun wancan lokaci kafin gara ta riga mu. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.