Madatsar Ruwan Jibiya da Haƙƙin Maƙwabta

Kogin Gada, wanda ke ƙetare iyaka a yankin Jibiya da Magama, shi ne mutanen Nijar ke kira Gulbin Maraɗi. A shekarar 1989 aka gama gina madatsa a kansa, watau abin da jama'a suka fi sani da dam. Ba domin wutar lantarki aka yi ta ba, kamar ta Kainji, sai domin noman rani da ruwan sha.

Ƙasar wurin rairayi ce, rairayi kuwa ba ya riƙe ruwa. Don haka magina suka lulluɓe bangon da wata irin leda mai kauri, wadda ke lanƙwasawa in ƙasa ta lotsa. Kiyaye ledar nan babban aiki ne, gama ƙanƙanuwar huda ta isa ruwa ya riƙa zaizayar bango ta ciki, ba wanda ya gani.

Sa'an nan ga maƙwabta. In an tsare ruwa duka, fadamun Madarunfa da Maraɗi su ƙafe. In kuwa an sake shi ba shela, ya ci gonaki. Saboda haka yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta sanya kogin nan cikin ruwayen da Nijeriya da Nijar za su riƙa shawara a kansu.