Yoyon Mariƙin Fayil da Hanyar Gano Shi

Duk sa'ad da manhaja ta buɗe fayil, ko ta ƙulla hanyar sadarwa da wata kwamfuta, tsarin da ke tafiyar da na'urar yakan ba ta wata lamba wadda za ta riƙe abin da ita. Wannan lamba ita muka kira mariƙi a wannan maƙala. Mariƙi kuwa aro ne, ana mayar da shi in an rufe fayil, kuma a Linux galibi 1024 kaɗai ake yarje wa manhaja guda ta riƙe.

Tun shekarar 2010 ma'ajiyar Amazon S3, watau ɗaya daga cikin rumbunan intanet da ake kira gajimare, ta ba da damar a datsa babban fayil a aika shi gunduwa-gunduwa, har guda 10,000. Wasu manhajoji sukan buɗe fayil ɗin sabo domin kowace gunduwa. In ta isa lafiya sai su rufe. Amma in hanya ta yanke aka sake aikawa, sau da yawa akan bar mariƙin farko a buɗe, gama mai rubuta manhajar bai tanadi rufewa ba sai ga aikin da ya yi nasara. Haka za su yi ta taruwa har na'ura ta ba da kuskure mai lamba 24, cewa fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Abin lura shi ne, sashen da ya faɗi ba lalle ne shi ke da laifi ba, shi dai ya zo ne ya tarar aro ya ƙare.

Wasu sukan gaggauta ɗaga iyakar da umarnin ulimit. A ganina wannan jinkirta faɗuwa ne kawai. Abin da ya kamata shi ne ƙidaya da umarnin lsof: kafin aikawa, da lokacin aikawa, da bayanta. In adadin ya hau sa'an nan ya sauko inda yake, to, yawan aiki ne a lokaci guda. In kuwa ya ƙi saukowa, yoyo ya tabbata.

Daga nan sai a dubi abin da aka riƙe. Sunan fayil guda da ya maimaitu ɗari-ɗari yana nuni ga masu karanta gunduwa. Hanyoyin sadarwa masu alamar CLOSE_WAIT kuwa suna nufin ma'ajiya ta rufe nata ɓangaren, manhaja ba ta rufe nata ba. Domin tabbatarwa, sai a rage iyakar zuwa kamar 64, a yanke hanya da gangan ana tsakiyar aikawa, a sake ƙidaya.