Ƙ, Ɗ da Ɓ a Cikin Adireshin Intanet

Ɗalibai, kun taɓa kwafo adireshin intanet ku ga ya cika da alamar %? Lafiyarsa lau. Ƙa'idar adireshi ba ta karɓar haruffanmu masu lanƙwasa kai tsaye, sai an sauya su: ƙ ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Tazarar tsakanin kalmomi %20 ce.

A ce za ka tura wa wani binciken "ƙasar Wurno":

google.com/search?q=%C6%99asar%20Wurno&hl=ha

Alamar ? ita ke buɗe tambayar, = ta haɗa q da abin da ake nema, & ta raba shi da hl=ha, mai sa shafin ya fito da Hausa. To, in & tana cikin kalmomin binciken ne, rubuta %26, in ba haka ba abin da ke bayanta ya yanke. Mai rubuta HTML kuwa, &amp; zai sa a wurin mai rabawar.

Abin da ba na so shi ne gudun wahala ya sa a rubuta "kasar". Haba! Kasa ai maciji ce, ko kasa albasa a kasuwar Goronyo. Rubuta ƙ ɗinka daidai a gurbin bincike sannan ka kwafo adireshin, manhajar da kanta za ta sauya.